Gurun Baba Dogo

Yayana Ukasha mutum ne mai taurin kai, amma a wajen Babanmu ya gado shi. Har yau idan na bi hanyar Djougou zuwa Parakou, ranar da na kai shi asibiti ce take faɗo mini a rai.

A lokacin yana fataucin shanu. Babanmu, Baba Dogo, ya rasu ya bar masa guru, wanda duk unguwarmu ta yarda cewa ƙarfe ba ya cin mai ɗaure da shi. Wata rana da hantsi, a dajin Kolokondé, bindigar wani maharbi ta tashi bisa kuskure ta same shi gefen cibiya. Sai gogan naka ya naɗe cikinsa da rawani, ya hau babur ya dawo gida.

"Ƙwarzane ne kawai, Bashira," in ji shi. "Ki ba ni ruwa."

Na ɗaga rigarsa da ƙarfi. Ramin bai fi ƙwayar wake ba, jini ma kaɗan ne. Amma cikin ya yi tauri kamar katako, gumi yana karyo masa, leɓɓansa sun yi fari.

"Yaya, lopital za mu," na ce, ina nufin asibiti.

"In je a ce gurun Baba ya ƙi aiki? Inna ta ji da wane kunne?"

Ashe abin da yake karewa ke nan. Ya fi son ya mutu a kan tabarma da a taɓa sunan Baba. Raina ya ɓaci, na kira maƙwabta suka cicciɓe shi yana zaginmu.

Daga asibitin Djougou aka ɗaura masa ruwa aka tura mu Parakou. Can wata likita ta hana shi ko kurɓar ruwa, ta shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar hoto. Ta nuna mini wani baƙin wuri a allon.

"Wannan duk jini ne, a ciki yake zuba. Ba mu da lokacin babban hoton scanner, tiyata za mu shiga yanzu."

Da almakashi suka yanke gurun. Hanjinsa ya huje wuri biyu, suka ɗinke. Da ya farfaɗo, maganarsa ta farko ita ce kada a gaya wa Inna.

Amma Inna Tsahara ta riga ta hau mota. Ta shigo da kwanon kunu, ta zauna bakin gadon, ta daɗe tana kallon dogon ɗinkin.

"Inna, ƙila ni ne na karya sharaɗin gurun," ya ce, kansa a sunkuye.

"Wane sharaɗi? Ubanku ma a garin nan aka ɗinke shi, sa'ad da wuƙar fawa ta shige masa ciki, kana goye. Shi ya roƙe ni kada in faɗa."

Inna ta gyara wa Ukasha mayafi.

"Na riƙe wa ubanku amana," ta ce, "saura kaɗan ta cinye mini ɗa."