Wanda Ya Rufe Ƙofar

Mai gadin gidan rediyon ya karanta sunan da tsohon mawaƙin ya rubuta, ya ɗago ya dube shi, sannan ya ɗan ja da baya kafin ya nuna masa hanya. Mawaƙin ya lura, bai ji komai a ransa ba. Duk makon haka ake yi masa. Mai shagon unguwa kan ajiye masa burodi a kan kanta maimakon ya miƙo masa, a sahun salla kuma ana bar masa fili fiye da buƙatarsa.

Gidan rediyon yana da wani shiri da ake ɗauko tsohuwar waƙa a gina labarin kisa a kanta. Wannan karon tasa aka ɗauko, wadda ya yi bayan rasuwar matarsa, inda yake cewa ya sallami kowa, ya rufe ƙofar ɗakin asibiti, ya riƙe hannunta har ta cika. A cikin labarin, wani mawaƙi ne ya rufe ƙofa don ya danne matarsa da matashin kai, ya fito ya yi mata waƙa. Ba a kama sunan kowa ba. Muryarsa kawai aka sa a farko da ƙarshe, kuma wannan ya ishi gari.

Ganga, tsohon makaɗinsa, shi ya rako shi, yana jan ƙafa yana mita. Aka ajiye su a wani ɗan ofis mai kujerun roba da fanka mai kuka. Marubuciyar shirin ta shigo, yarinya ce siririya, da abin saurare na kunne rataye a wuya. Ta durƙusa ta gaishe su.

"Baba, wallahi ƙirƙira ce. Mun faɗa a farkon shiri."

"A farkon shiri mutane na neman tasha, 'yata," in ji Ganga. "Kisan suka tarar."

"Ni na ɗauka ma..." in ji marubuciyar.

"Kin ɗauka ya mutu," in ji Ganga. "Faɗi abinki, ni ma wani lokacin sai na taɓa shi nake tabbatarwa."

Ta so ta yi dariya, ta fasa. Mawaƙin ya tambaye ta, ba da faɗa ba, ina ta samo labarin.

"Daga baitin ƙofar, Baba. Mamata in ta ji shi kuka take yi. Ni kuma sai na ce, me zai sa mutum ya kori nas? Aikina ke nan, in nemi inda waƙa ta yi shiru in cusa gawa a wurin." Ta sunkuyar da kai. "Akwai shirin rana, kai tsaye. Ka shiga ka faɗi yadda abin ya faru, a wanke ka."

Da ta fita, Ganga ya matso da kujerarsa.

"To ga dama. Ka gaya musu."

Mawaƙin yana kallon fanka.

"Kai nake wa magana, Maigida. Muna wani gari muna wasan biki aka bugo waya cewa ta rasu. Ni na karɓa. Akwai hotuna, masu bikin ma ba duka suka mutu ba. Ko ɗakin ba ka gani ba sai da aka naɗe katifar. Wanda ba ya nan ta yaya zai danne mutum?"

Haka ne. Babu ƙofar da ya rufe, babu hannun da ya riƙe. Mai shara ce ta tarar da ita ta yi sanyi. Waƙar ya yi ta ne yadda ya so a ce abin ya kasance, mutane suka karɓa, ya bar musu. Ana yawan cewa gaskiya wanke mutum take yi. Masu faɗar haka ba su cika zama su ga abin da ruwan wankin yake tafiya da shi ba.

Aka ƙwanƙwasa. 'Yarsa ce, da fararen kayan aikinta na nas, ta baro asibiti a lokacin hutun cin abinci. Tana goye aka yi rasuwar. Abin da ta sani na uwarta bai wuce hoto ɗaya da waƙar nan ba.

"Baba, ba ka ɗaga waya. Kawu Ganga, kai ma?"

"Wayata ta fi ni tsufa, uwata."

Ta zauna a gefen mahaifinta, ta gyara masa wuyan riga. Idanunta sun kumbura.

"A wurin aiki in na shigo sai a yi tsit. Surukata har ta kira ni, wai tambaya kawai take yi." Ta ja numfashi. "Na ce musu su faɗi abin da suka ga dama. Ni kullum ina ganin masu mutuwa su kaɗai, Baba. Suna ta kallon ƙofa. Na san yadda abin yake. In na rufe musu ido sai in ce, alhamdu lillahi, tawa uwar ba haka ta tafi ba. Da wannan nake iya aikin."

Ganga ya buɗe baki, ya dubi mawaƙin, ya rufe.

Marubuciyar ta leƙo ta ce an shirya.

Ɗakin watsa shirin sanyi ne da shi, bangonsa lulluɓe da soso. Aka zaunar da shi gaban makirufo. Ta gilashi yana hango 'yarsa tsaye, ta harɗe hannuwa a ƙirji, Ganga a bayanta. Jar fitila ta kama. Mai gabatarwa ya yi gaisuwa mai tsawo, ya kira shi uban mawaƙa, sannan ya rage murya.

"Baba, masu sauraro na son su ji daga bakinka. Ranar da marigayiya ta rasu, wa ke cikin ɗakin?"

Mawaƙin ya nemi wani abu a ƙirjinsa, tsoro ko kunya, bai tarar da komai ba. Muryarsa ta fito daidai, kamar yana ba direba kwatance.

"Ni kaɗai ne," ya ce. "Ni na rufe ƙofar."

A bayan gilashi 'yarsa ta gyaɗa kai. Ganga ya juya ya fita. A kan teburin mai gabatarwa, fitilun layukan waya suka fara kamawa ɗaya bayan ɗaya.