Safayar da Aka Shuka wa Fulawa

Ranar da Yaya ya kawo jif ɗin, sai da aka cire ƙyaure ɗaya na ƙofar gida kafin ta shiga. Baƙa ce, doguwa. Ta hannu ce, amma ya hana a faɗa. Shagon kayan waya gare shi a bakin kasuwa, caja da murfi da sauran tarkace, amma tun daga ranar abokansa suka koma kiransa Manaja, shi kuma ya daina ɗaga wa masu babur hannu.

Ni ne autan gidan. Na gama sakandare na zauna, irin zaman da har kujerar robar tsakar gida ta lotsa daidai jikina. Na kai takarduna wurare da yawa. Umma tana cewa lokaci ne. Matar Yaya, da muke kira Anti, ita kam sai dai ta miƙo min bokiti.

Ba a jima ba Yaya ya sayo ɗan firij na mota, da manyan lasifika biyu, da wata doguwar fitila ta kan rufi mai haska har ɗakin maƙwabta. Kafin gari ya waye sun shanye batirin motar tas. Da safe ni da maƙwabtan muka tura Manaja har bakin titi, yana ciki yana gyara madubi.

Daga nan wurin mai wayarin, mai gyaran wutar mota, muka wuce. Mutumin ya buɗe but, wurin zuba kaya na bayan motar, ya ɗaga shimfiɗar. A ƙasa akwai rami, safayar taya na kwance a ciki, ko ƙasa ba ta taɓa takawa ba.

"Batir na biyu kake so, Manaja, wanda zai ɗauki kayan nan shi kaɗai. Amma wuri ɗaya ne. Ko safaya, ko batir."

"A ɗaure tayar a kan rufi."

"Fitilarka na can."

"Bayan kujeru fa?"

"Firij ɗinka da lasifikanka."

Yaya ya zagaya motar yana shurin tayoyin ɗaya bayan ɗaya da takalminsa mai tsini.

"Ƙafa huɗu lafiyayyu. Kai ka taɓa ganin mutum yana yawo da ƙafar safaya a aljihu?"

"Mutum ba ya sacewa in ya taka ƙusa," na ce.

"Auta, in ka sayi taka ka sa mata taya goma."

Mai wayarin ya yi dariya, don shi ke sayar da batirin.

Ni na gangaro da safayar har gida. Anti ta sa aka cire mata ƙarfen tsakiya, ta shafa mata farin fenti, ta kwantar da ita kusa da famfo, ta cika ta da ƙasa, ta shuka fulawa. Ƙarfen kuma ta ɗora tukunyar wanki a kai. Duk baƙon da ya shigo sai ya yaba.

Sai ga kira daga wani kamfanin robobi a garin da ke gaba da mu. Suna neman yaron sito, mai iya karatu da lissafi. A zo intabiyu da safe, rana ɗaya tak, in rana ta yi tsaka a rufe ƙofa. Shi ne kira na farko da na taɓa samu. Umma ta wanke min farar rigata da hannunta, ta goge, ta rataye a bayan ƙofarta don kada yaran Anti su taɓa.

Niyyata in bi motar haya ta farko. Yaya ya ji.

"Ƙanin Manaja a motar haya? A matse ka tsakanin buhu da kaji ka isa kana wari? Ni zan kai ka. In suka ga ka sauko daga wannan, su za su roƙe ka."

"Ka ji yayanka," in ji Umma, har da ƙwalla. "Allah ya yi maka albarka, Babba."

Ba mu fita da wuri ba. Sai da ya jera lemo da ruwa a firij, ya sake jerawa, ya fesa turare a kujeru. A hanya kiɗa na dukan ƙirjina ta baya. Yana tuƙi da hannu ɗaya yana koya min yadda ake magana da manya.

"Kada ka nuna kana so. Talaka ake ganewa da rawar jiki."

Mun wuce rabin hanya, babu gida babu kanti, sai gonaki, muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Motar ta ja gefe. Yaya ya kira sunan Allah da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba.

Tayar baya ce. Wani guntun ƙarfe ya farke ta daga gefe, hannuna zai iya shiga. Yaya ya tsaya a kanta yana kallo. Sannan, don sabo, ya buɗe but ya ɗaga shimfiɗar. Batirin na zaune a ramin, da ƴar koriyar fitilarsa, lafiya lau.

Can gaba kaɗan akwai rumfar mai faci, ita kaɗai a bakin hanyar. Dattijo ne siriri, da tsinke a baki. Ya tako a hankali, ya tsuguna, ya sa yatsa inda tayar ta farke.

"Wannan ta gama aiki, ranka ya daɗe. Fito da safaya in ɗaura maka."

Yaya ya yi tari.

"Tana gida."

"To. Tana gaishe ku."

"Ba ka da irinta?"

Dattijon ya nuna rufin rumfarsa da tsinken. Wata ƙatuwar taya na kwance a kan kwanon, rana ta koɗar da ita.

"Waccan daidai motarka ce. Ta tsufa, amma za ta kai ku ta dawo da ku."

"Sauko da ita. Faɗi kuɗinka."

"Ba ta sayarwa ba ce. Ita ke danne min rufi."

Ya faɗa ne idonsa na cikin but ɗin. Ya ga koriyar fitilar, ya ga firij yana huci, ya saurari kiɗan da ke tashi alhali injin a kashe.

"Sai dai musaya. Nan ba mu da wuta. In na samu wancan, na ga haske, na ji rediyo, masu waya su biya ni caji. Rufi kuma na nemo masa dutse."

Yaya ya yi dariya har da dafa mota.

"Batirina? Da wannan gawar?"

"Gawar na birgima," in ji dattijon. Ya koma inuwarsa ya zauna.

Na dubi rana. Ta hau sosai.

"Yaya, ka ba shi."

"Kai, yi min shiru. Bari in kira yarana."

Ya kira abokinsa mai gidan wanka, bai ɗauka ba. Ya kira wani, ya ce yana ɗaurin kaya, amma da ya gama zai nemo taya ya taho. Suka tsaya hira. Yaya yana ba shi labarin yadda ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya, da wani ne da tuni an yi ta'aziyya.

"Yaya, za su rufe ƙofa."

Ya rufe bakin wayar da tafinsa.

"Ka san wahalar da na sha kafin in samu irin batirin nan?"

"Sau ɗaya aka taɓa kirana."

"Aiki ba ya ƙarewa a duniya, Auta. Irin wannan batirin ne ba kullum ake samu ba."

Ya buɗe firij, ya zaro lemo mai raɓa a jiki, ya miƙo min.

"Sha ka huce."

Ban karɓa ba. Na ɗauki takarduna na tsallaka titi na fara ɗaga hannu. Ƙananan motoci suka yi ta wucewa. Wasu na rage gudu su kalli jif ɗin, su kalli Manaja zaune a bakin but yana kaɗa ƙafa, su ƙara mai. Wanda ya tsaya min direban babbar mota ne mai ɗauke da siminti. Gaba a cike. Ya ce in hau baya in zan iya.

Na iya. Na zauna a kan buhuna, na rungume takarduna a ƙirji. Motar tana tafiya kamar ba ta son zuwa. Duk ramin da ta faɗa sai buhunan su yi min atishawa.

Da na isa, ƙofar kamfanin a rufe. Samari na fitowa ta ƴar ƙaramar ƙofa da fararen riguna. Na ga wani ɗan ajinmu, wanda ni nake yi masa lissafi, yana waya yana tsalle. A motar haya ya zo.

Na matsa wurin maigadi. Ya dube ni daga gashi har takalmi, duk siminti ya rufe ni.

"Masu dako ta ƙofar baya."

"Intabiyu na zo, Baba."

"An tashi, ɗana. An ma ɗauka."

Da yamma na shiga gida. Jif ɗin ta riga ni, da wata taya ta aro a baya. Yaya na tsakar gida a kan kujerata, Umma da Anti da maƙwabta biyu sun kewaye shi.

"Daji fa, Umma! Rana kamar wuta, babu ko rijiya. Wallahi da ba don batirin nan ba, da ƙishi ya kashe ni. Har mai facin sai da na ba shi ruwan sanyi, yana ta sa min albarka."

"Allah ya kiyaye gaba," in ji Umma. Sai ta gan ni. Ta dubi rigar kafin ta dubi fuskata.

"Ga shi nan, sarkin gaggawa," in ji Yaya. "Da ka yi haƙuri ai da ka sha lemo. Ka ga yadda ka koma? Wa zai ɗauki mutum a haka?"

"Yanzu za ka mayar da safayar?" na ce.

Anti ta juyo da sauri.

"Wace safayar? Ba ka ga fulawoyina sun fara toho ba?"

Sun fara. Ƴan jajaye ne, ƙanana. Da safe ta miƙo min bokiti, ta ce kada in kwara da ƙarfi, saiwarsu ba ta kama ba tukuna.