Eriyar da Na Matsar

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa motar awo ta kamfaninmu. Eriya a kan rufi, na'ura da kwamfuta a ciki, mu bi unguwa layi-layi kamar masu neman allura, na'urar tana rubuta ƙarfin sabis ɗin waya a kowane taku. Da wannan awo ake sanin inda za a kafa sabon turke, wato dogon ƙarfen nan da ke ba da sabis.

Injiniyar da aka haɗa ni da ita bara, 'yan ofis Sake-Awo suke ce mata, don ba ta yarda da lamba sai ta gan ta sau biyu. Ni Injiniya nake ce mata, ita kuma Kawu take ce mini, don na haifi sa'arta.

Wata Litinin ina wanke mota na ga tsatsa a gindin eriyar. Na kwance ta na goge, sai notin wurin ya ƙi kamawa. Na ɗaura ta taƙi biyu baya, daf da tsanin ƙarfen da ke kan kariyar ɗora kaya ta rufin motar. A ganina eriya eriya ce, ban ɗauka akwai abin faɗa ba.

Muka yi kwana biyu a filayen bayan gari, biyu a cikin kasuwa. Rana ta biyar ta sa na tsaya a inuwa, ta juyo mini da kwamfutar. Ta nuna mini wani titi da muka bi tafiya da dawowa. In mun doshi turke sabis ya yi ƙarfi, in mun ba shi baya ya faɗi, kuma haka abin yake a kowane miƙaƙƙen titi. Ta ce sabis dama yakan yi hawa da sauka, amma titi bai san inda hancin motarmu ya dosa ba. Matsalar a jikinmu take.

Manaja ya bugo yana neman rahoto. Da ta yi masa bayani ya ce ta haɗa awon tafiya da na dawowa ta raba biyu, a wuce wurin.

"Ranka ya daɗe, in na haɗa gaskiya da ƙarya na raba biyu, rabin ƙarya zan kawo maka," in ji ta.

Yinin nan ta bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta kwance mahaɗi, ta gwada agogon na'ura. Ni kuwa ina riƙe da sitiyari, gumi na bin bayana. Da yamma na faɗa wa mai ɗakina. Ba ta ko ɗago daga gugar da take yi ba, ta ce in daina wahalar da 'yar mutane, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Da safe na faɗa wa Injiniya. Ta hau rufin da kanta, ta daɗe tana duban eriyar da tsanin. Da ta sauko ba ta tambaye ni dalili ba. Wace rana ce, ƙarfe nawa, kafin fitarmu ta farko ko bayanta, shi ta tambaya, tana rubutawa.

"Kawu, ka rage mini wahalar mako guda," ta ce. "Amma kada ka taɓa ta tukuna."

Ta kai mu wani fili fetal inda ake hango turke ba abin da ya tare. Da igiya da alli ta zana da'ira, ta raba ta gida ashirin da huɗu. Nakan juya motar gida ɗaya in tsaya, ta auna, in ƙara. Da muka zagayo ta sa na mayar da eriyar mazauninta da sabon noti, muka sake daga farko. Rana ta dafa mu, amma kafin la'asar ta san yawan sabis ɗin da ƙarfen tsanin ke cinyewa a kowace kusurwa.

Da wannan ta gyara awon bayan gari. Na kasuwa ta ce ba ya gyaruwa, don a can sabis yana bugun bango da rumfunan kwano ya iso ta ko'ina, ba mai sanin wanne ne ya bi ta kan tsani. Muka sake kwana biyun, cikin masu kura da masu babur, ban yi ƙorafi ko sau ɗaya ba.

Rahoto ya makara kwana uku. A ɗakin taro manaja ya tambayi wanda ya jawo haka. Na buɗe baki ke nan ta riga ni, ta ce duba rufi kowace safiya aikin mai awo ne, ita kuma kwana huɗu ba ta hau ba. Sai ta raba takardun. A gefen kowace lamba ta rubuta iyakar kuskuren da zai iya kasancewa a cikinta, har da na filayen da ta gyara. Wani tsohon injiniya ya gyara tabarau ya karanta shafin sau biyu, ya tambaya ko za ta ba shi yadda ta zana da'irar.

Da tsohon awo aka bi, da an kafa turken a bakin kasuwa inda ba a buƙatarsa. A bayan makarantar firamare aka kafa shi, kuma ni na kai masu aikin wurin.