Rajistar Aji Biyu

Malam Badamasi ya yi shekara ashirin yana koyar da kwamfuta a wata sakandare a Gwarzo. Bana ya rubuta darasi da Hausa, shafi goma sha biyu, kan yadda malami zai haɗa ƙaramar manhaja da harshen kwamfuta na Python don ajiye sunayen ɗalibai da makinsu. Ranar Alhamis za a buga kwafi arba'in, ranar Asabar a raba wa malaman ƙaramar hukuma, kowa ya koma ya yi aiki da shi.

Ya tura wa tsohuwar ɗalibarsa Zinnira, wadda yanzu take rubuta manhaja a Kabo, ya ce ta duba.

Ta ga kuskuren a shafi na bakwai. Manhajar tana ajiye kowane ɗalibi ƙarƙashin sunansa na ƙarshe, kuma duk wanda ya shigo da suna iri ɗaya sai ya goge na gabansa. Sunaye biyar Malam ya yi misali da su, babu mai kama da wani. Amma a yankin, rabin yara da sunan garinsu ake rubuta su a makaranta.

Shi ne ya fara koya mata riƙe linzamin kwamfuta, don haka ba ta iya rubuta masa cewa ya yi kuskure ba. Ta yi gaisuwa layi huɗu, ta yabi Hausar, can ƙasa ta ce ko za a ɗan gwada da rajistar gaske. Ya amsa da godiya da addu'a. Ta fahimci a yabon ya tsaya.

Ranar Laraba da hantsi ta ari rajistar aji biyu daga makarantar unguwarsu, ta hau mota zuwa Gwarzo. Bayan sun gaisa, ta ce tana so ta ga manhajar tana aiki a hannunsa. Ta riƙa karantowa yana shigarwa. Sa'ada Musa Kabo. Haidar Sani Kabo. Muhsin Ali Durun. Rahamatu Isa Kabo.

Yara arba'in da ɗaya suka shigar. Goma sha uku suka fito.

Malam ya cire tabarau, ya goge, ya sake ƙirgawa.

"Tun yaushe kika gani?"

"Tun Litinin, Malam."

"To ina kika rubuta?"

Ta nuna masa layin ƙarshe na saƙonta. Ya karanta sau biyu.

"Wannan ai gaisuwa ce. Da na ba ki dubawa, ba sannu da aiki nake nema ba."

Ya matso mata da kujera. Suka mayar da ajiyar kan lambar ɗalibi, suka sake gwadawa, arba'in da ɗaya suka fito. Ya bar tsohon kuskuren a shafi na bakwai, da gargaɗi a ƙarƙashinsa, don malamai su gani.

Da za ta tafi ya tambaya ko akwai wani abu. Ta ce akwai, a shafi na tara.