Shuɗin Masaƙa

…a'a, ba shi ba ne. Wannan ai shuɗin bokitin roba ne. Rage haske. Ƙara duhu kaɗan, kaɗan na ce… to ga shi ya koma rigar 'yan firamare. Shuɗi na goma sha bakwai ke nan, Baba, kuma wallahi ba zan ɗaga daga kujerar nan ba sai na kamo wanda ka sani.

Biyu da kwata. Ƙarfe huɗu Oga mai maɗaba'a zai hawo benen nan da hannunsa duk tawada, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in miƙa masa fayil. Da zarar littafin nan ya shiga inji, shi ke nan, ko ɗigo ba mai sake taɓawa. Ina jin injin a tafin ƙafata yanzu haka, yana buga wa wasu kalanda, teburin na rawa, shayin da na manta da shi tun safe na rawa.

Ƙungiya goma sha biyu. Na gama sha ɗaya, na kulle, ba na ko waiwayarsu. Saura taku.

Duk aikin Malam Da-A-Ce ne—marubucin littafin, ni na raɗa masa sunan, don ba ya buɗe baki sai da shi. Da a ce ba a rufe masana'antu ba. Da a ce Gasar Ma'aikata ba ta mutu ba. Da a ce ta girma har ta zama babbar gasar ƙasa, ana kallonta a talabijin, yara na kuka a saya musu jesi… Mutum ya zauna ya rubuta tarihin shekara arba'in da ba a taɓa yi ba, har da wanda ya ci ƙwallo a minti nawa, har da alƙalin wasan da aka jefa da takalmi. Ni kuma aikina in ɗinka wa wannan duniya kaya: tambari, riga, wando, safa, na kowace ƙungiya, yadda za su riƙa sauyawa duk shekara goma. Na yi masa dariya ranar farko. Da na ga sunan Masaƙa, ƙungiyar masana'antarku, a jerin sai na daina dariyar.

Sauran ba su ba ni wahala ba. Gidan Waya, tattabara da ambulan a baki, rawaya da ruwan ƙasa. Jirgin Ƙasa, layi biyu baƙaƙe daga kafaɗa har ƙugu. Mahauta na yi musu fara mai ɗigon ja, Malam ya dafe ƙirji ya ce don Allah a rage, kada iyaye su hana yara sayen littafin. 'Yan Kwana-kwana ni na ce masa su riƙa cin ƙwallonsu a minti na casa'in, bayan komai ya riga ya ƙone, ya yi dariya har da hawaye ya rubuta. Kamfanin Wuta kuwa baƙar riga na ba su ƙirin, ban yi wa kowa bayani ba, ba wanda ya tambaya.

Amma Masaƙa…

Sha takwas. Ɗan ja-ja a cikinsa? A'a, ya tafi wajen makuba. Koma.

Shekara goma sha ɗaya kana tsare musu raga. Katanga suke ce maka. Ni ban taɓa ganinka a fili ba, shekarata huɗu aka rufe masaƙar. Abin da na riƙe kawai shi ne safiyar da jiniya ba ta yi kuka ba, Umma tana tsaye riƙe da butar shayi, tana sauraron abin da bai zo ba. Ka fita kamar kullum. Ka dawo kafin hantsi ya yi zafi, ka zauna a bakin gado da takalminka a ƙafa. Daga ranar ba a sake cewa ƙwallo a gidanmu ba. In an kunna wasa a talabijin sai ka tuna kana da uzuri a waje. Shekara ashirin da biyu kana gadin shagon taya, kana buɗe ƙofa ga motocin yaran da suka taɓa hawa bishiya don su kalle ka, suna miƙo maka hannu ta taga ba tare da sun dube ka ba.

A cikin littafin ba haka ba ne. Na sa Malam a gaba, na ce ko ya rubuta ko ya nemi wata mai zane. A can ka tare fenareti uku a wasan ƙarshe. A can an sa wa ƙofar filin wasa sunanka. A can ba ka taɓa riƙe tocilan da sanda ba. Shafi huɗu cur, Baba, naka kai kaɗai. To shin zan bar ka ka buɗe shafin ka wuce kamar labarin wani?

Sau uku ina nuna maka rigar. Na farko a waya, bayan ka sha maganinka na safe, na zauna a hannun kujerarka ina ta rawar jiki kamar yarinyar da ta zo na ɗaya. Ka kalla, ka daɗe kana kallo. Ka ce, "Ta yi kyau, Uwata. Ta su wane ce?"

Ta su wane ce.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji ni. Ba kuka na yi ba, zagin shuɗin na yi. Na ce laifinsa ne. Na biyu na ƙara girman tambarin, ƙoshiyar saƙa a tsaye da zare ya naɗe ƙwallo, ka shafa fuskar wayar da ɗan yatsan nan naka da ya karye ya warke a karkace, ka sa mini albarka kamar yadda kake sa wa mai kawo ruwa. Na uku har kan yadi na sa aka buga, na ɗaga ta a ƙirjina na tsaya a gabanka kamar mai talla. Ka dubi fuskata ka tambaye ni ko Umma ta dawo daga kasuwa. Shekara shida da rasuwarta.

Likita ta ce a ciwon mantuwa irin naka, abin da ya faru kusa ne ke fara zubewa, na nesa shi ke jimawa. Ta ce tsofaffin abubuwa kan buɗe ƙofa wani lokaci, waƙa, ƙamshi, launi. Launi ta ce—da bakinta. To ga ni, launi ne sana'ata. Shekara goma sha biyu ina zaɓa wa masu sabulu da masu makarantun kuɗi kalar da za ta shiga ran mutane, sai ta ubana ce za ta gagare ni?

Yaya ya ce ɓata lokaci nake. A waya, daga can inda yake, yana tauna wani abu a kunnena: wai Baba bai san yau wace rana ba ce, ke kuma kina neman ya gane bulu. Bulu! Shi da ko fentin ɗakinsa matarsa ke zaɓa masa. Sau nawa ya zo bana? Sau nawa ya yanke maka farce? Ya bar ni da haukata, ban roƙe shi ya taya ni ba.

Uku saura minti biyar. Wayar na motsi a kan tebur, Malam ne. Ba zan ɗauka ba. Na san abin da zai ce, da a ce an gama da an huta.

Hoto ɗaya ne ya rage, baƙi da fari, duk rigunan toka-toka. Shi ya sa na bi sahun kyaftin ɗinku har rumfarsa ta faci a bayan tasha, tsoho ba haƙora, yana tsoma tayar babur a ruwa yana neman inda take huci. Na baje masa katin launuka a kan benci, shuɗi sittin. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce 'yata, wane irin kati? Ragowar rini ne. In an tashi aiki ranar Alhamis, abin da ya saura a gindin tukunya shi ake tsoma mana riguna a ciki. Ta wani ta yi duhu, ta wani ta koɗe, in aka yi ruwan sama duk mu koma gida da shuɗin ciki, matanmu na zagi. Ya ce ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba.

Ba a taɓa samun biyu iri ɗaya ba… to me nake nema tun mako uku? Lamba ɗaya tak da zan ba inji?

Tsaya. Tsaya, tsaya. Kada in zuba shi sumul. Duhu a kafaɗa, ya riƙa sakewa zuwa ƙasa. Ɗan dabbare a hammata inda gumi ya ci. Wuyan ya fi jiki haske, don zaren wuya ba ya shan rini sosai, wannan ko ɗalibar shekarar farko ta sani. Haka. Ƙara a gefen hagu. Kada ya yi yawa, ba tsumma nake zanawa ba, ƙungiyar da ta ɗauki kofi tara ce a duniyar Malam, amma ko a can ɗin sun riƙe al'adarsu, su ke rina kayansu da hannunsu—zan sa ya ƙara layi ɗaya ya faɗi haka, ko yana so ko ba ya so.

Kai… wannan ya yi kama da abin da mutum ya sa ya yi gumi a ciki.  Sha tara. Shi ne, Baba. Na rantse shi ne. Gobe da safe in kawo maka shafin da ɗuminsa, in ajiye a cinyarka, ba zan ce komai ba, ba zan yi rawar jiki ba. Kai za ka faɗa da kanka. Tamu ce. Kalma biyu kawai nake nema, ban ce ka tuna shekarar ba, ban ce ka tuna sunana ba ma.

Uku da rabi da biyar. Haɗa fayil. A hankali, kada gaggawa ta sa in tura wa Mahauta safar Gidan Ruwa. Tambari, sha biyu, sun cika. Rigar gida, sun cika. Rigar waje. Wando. Safa. Sai jaka ta ƙarshe, ta masu tsaron raga, wannan tun makon farko na gama da ita, minti goma ta ɗauke ni, guda na zana na kwafe sau sha biyu, wa ke kallon rigar gola? Buɗe dai a duba, a wuce.

Toka. Toka. Toka. Dogon hannu, lamba ɗaya a baya. Gidan Waya, Jirgin Ƙasa, Mahauta… Masaƙa.

Masaƙa. Toka. Lamba ɗaya.

Wannan ce…

Gola ba ya sa kalar ƙungiyarsa. Yaron da ke buga ƙwallon tsumma a lungu ya san wannan. Ni na kwafe rigarsa da hannuna sau sha biyu. Ba ka taɓa sa shuɗin nan ba. Ko sau ɗaya. Shekara goma sha ɗaya kana tsaye tsakanin ƙarafa biyu kai kaɗai da taka rigar daban, su goma suna gabanka, sun ba ka baya, suna gudu suna nisa da kai. Bayansu ka sani. Lambobin da aka ɗinka a karkace, gumin tsakiyar baya, wanda rigarsa ke fita daga wando. Ni kuma sau uku ina tura maka ƙirji a ido, ina ƙara girman tambari, ina jin haushinka a banɗaki.

Ta su wane ce, ka ce. Ba mantuwa ba ce. Tambaya ka yi mini ta gaskiya.

Mako uku na ba rigar wasu. Kai na ba ka minti goma.

To wace kala ce taka? Kore? Baƙa? Rawaya? Rigar sanyi ce ka zo da ita daga gida? Umma ce ta ɗinka? Ita ta wanke ta shekara goma sha ɗaya, ta shanya a igiyar da nake wasa a ƙarƙashinta, kuma ban taɓa… shekara talatin da huɗu a gida ɗaya da kai, ban taɓa tambaya ba. Kyaftin? Ba shi da waya, kuma shi ma ai baya ya ba ka.

Huɗu saura kwata. Akwai lokaci. Riga ɗaya ce, minti biyar ta ishe ni, in dai na san me zan zuba. Goge tokar. Ga ta fara fat, dogon hannu, ba komai a ciki.

Waya. Baba. Na kira, tana shiga.

Don Allah ka ɗauka. Tana kan teburin gefen kujerarka, kusa da ruwanka, kore za ka danna, na nuna maka jiya. In ka ɗauka kuma me zan ce? Wa za ka ɗauka ni ce yau? In ka ce kore, ta yaya zan san ba ta wani golan ba ce da ka gani kana yaro?

Tana ta shiga… hannuna na kan alƙalamin zane. Ɗauka mana, Baba. Kowace ka ce, ita zan sa.