Shagon da Kawu Maccido Ya Ba Yelwa

Shekara takwas Yelwa ta yi tana buga tafireta a wata ma'aikata a Sakkwato kafin a rage ma'aikata a 1984, sunanta ya fito cikin waɗanda aka sallama. Ba ta yi laifin komai ba. Shugaban sashensu da bakinsa ya gaya mata duk ofishin babu mai saurin hannunta, amma takarda daga sama ta zo. Ta tattara 'ya'yanta biyu ta koma Illela wurin mijinta Junaidu, wanda ke koyarwa a firamaren Garu, kullum ya tafi da keke ya dawo.

Lokacin iyakar Nijar a rufe take, garin ya yi sanyi, ita ma ta zauna gida kusan shekara biyu. Da aka buɗe iyaka kasuwa ta farfaɗo, motocin wake da na shanu suka dawo hanya, sai Yelwa ta lura da wani abu. Babban ɗan kasuwa mai cika mota da kaya, in yana son wasiƙar Turanci zuwa Ibadan ko Anacha, sai ya hau mota har Sakkwato, ko ya ba wani ya rubuta masa da biro, rubutu kamar tafiyar kaza. Masu hulɗa da Konni, garin da ke tsallaken iyaka, kuma suna fama da takardun Faransanci. Ita kuwa ta yi shekara huɗu a lakwal, makarantar bokon Faransanci, a Konni tana ƙarama, a hannun gwaggonta, Faransancin bai gudu duka ba. Ta shawarci Junaidu, ya ce ta gwada. Ta haɗa kuɗin sallamarta da sarƙar aurenta ta sayi tsohuwar tafireta a Sakkwato, da ɗaurin farar takarda, da ambulan, da kwalin takardar kabon, baƙar takardar nan da ake sawa tsakanin farare biyu don rubutu ya fito a ta ƙasa.

Wurin zama ne ya rage. Nan Kawu Maccido ya shigo. Ƙanen mahaifiyarta ne, dillalin wake, yana da shaguna huɗu jere a bakin kasuwa, kuma a gidansa mahaifiyar Yelwa, Inna Hasana, take zaune tun rasuwar mijinta. Da ya ji labari bai jira a roƙe shi ba. Ya sa aka share ƙaramin shagon da ke manne da nasa, ya kira kafinta ya yi tebur, ya sa aka rubuta allo da sunanta aka kafa a bisa ƙofa. Da ta yi maganar haya ya ɓata rai, ya ce kada ta sake. Ranar Lahadin farko, ranar kasuwa, shi ya riƙa jawo abokansa da hannu yana kawo su.

“Wagga ɗiyata ta,” yake ce musu. “Gwamnati ta yi hasara, mu munka samu.”

Yelwa ta kafa wa kanta doka tun ranar. Mutum ɗaya ke shiga, a saki labule, saura su jira a benci a waje. Mai wasiƙa ya faɗa da Hausa, ta juya ta buga, ta karanta masa ya ji, sannan ta ba shi ta asali da kwafinta duka ya tafi da su. Ba ta ajiye komai. Kuma ba ta maimaita kabon a wasiƙar ciniki; kowace da sabo, don kwafin ya fito tas. Wannan shi ne abin alfaharinta. Mutane suka fara cewa abin da aka faɗa a shagon Yelwa ya faɗa rijiya.

Kabon ɗin da ta yi aiki da su takan jefa a wani kwali a ƙarƙashin tebur. A mako na biyu Kawu ya leƙo bayan la'asar ya gan su, ya ce ai wannan almubazzaranci ne, da sauran ƙarfinsu, ta riƙa ba shi yana amfani da su a 'yan rubuce-rubucensa. Ta yi dariya ta miƙa masa. Daga nan ya zama al'ada, in za ta rufe shago ta biya ta gaishe shi ta ajiye masa.

Wata biyar abin yana tafiya. Ta koyi sunayen unguwannin Ibadan da ba ta taɓa gani ba, ta san wanda ke son a fara masa da doguwar gaisuwa da wanda ke son a tafi kai tsaye. Har ta fara tunanin neman layin tarho, in Allah ya sa ya iso garin, don a riƙa barin saƙo a wurinta. Sai dai cikin wata na shida bencin ya fara zama babu kowa. Mutum biyu da ke zuwa kowane mako suka daina, in sun haɗu da ita a hanya su amsa gaisuwa a gajarce. Ta ɗauka damina ce ta ɗauke hankalin mutane.

Cikin waɗanda ba su daina ba akwai Alhaji Halliru, dattijo daga Tozai, wanda ya yi shekara ashirin yana sayo wake daga Nijar yana turawa kudu. A lokacin ya samu sabuwar hanya, wata mata a Ibadan mai kai abinci makarantun kwana, wadda za ta ɗauki mota biyu duk wata. Ya zauna a gaban Yelwa ya faɗi sunan matar, da adireshinta, da farashin da zai ba ta, da ranar da kaya za su tashi. Ya ce mata ko 'ya'yansa bai gaya wa ba.

Mako huɗu bayan nan ya dawo, ranar kasuwa da hantsi. Ta nuna masa kujera, bai zauna ba. Ya gaya mata matar Ibadan ta aiko cewa an riga shi. Wani daga Illela ya kai mata mota biyu a farashin da ya gaza nasa kaɗan, kuma ta ƙulla da shi. Ya bincika a tasha ya gano motocin Maccido ne. Daga wurin Maccidon yake yanzu, ya je ya tambaye shi a gaban mutane inda ya samu sunan matar.

“Ya ce ke kinka ba shi,” in ji Alhaji Halliru. “Ya ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai ma dawa.”

Yelwa ta miƙe tsaye. Ta rantse masa ba ta taɓa buɗe baki da maganarsa ba, ko ga mijinta. Dattijon ya dube ta ba tare da fushi a fuskarsa ba, ya ce shi ma da ya so ya yarda, amma su uku ne suka san zancen, shi da ita da Allah. Ya ɗaga labule ya fita.

Ta koma ta zauna. Hayaniyar kasuwa na shigowa, ita ba ta ji. A cikin tafiretar akwai wasiƙar da ta buga da safe, mai ita ya fita da gaggawa bai dawo karɓa ba, da kabon ɗinta a tsakiya. Ta zare shi, ta ɗaga shi saitin hasken ƙofa. Ga wasiƙar nan gaba ɗaya, kowane harafi, har lambar gida. Ba sabon ilmi ba ne gare ta. Duk mai buga tafireta ya san sabon kabon yana riƙe abin da aka buga a kansa, a ma'aikatarsu ma ƙone na takardun sirri ake yi. Ta sani sarai. Ba ta dai taɓa haɗa wannan sanin da Kawu ba.

Ta bari aka sauko daga azahar, mutane suka ragu, sannan ta shiga shagonsa. Yana zaune a tabarma tsakanin buhuna yana ɓare goro. Ta durƙusa ta gaishe shi, don jikinta bai san wata hanyar fara magana da shi ba, sannan ta ajiye kabon ɗin a gabansa ta tambaye shi ko abin da yake yi da su ke nan.

Bai musa ba. Ya ce abin da ta zubar ya ɗauka, bai fasa akwatin kowa ba, kuma kasuwa ta mai ido ce. Halliru ya ci shekara ashirin, wani ma ya ci. Ta ce ta ji wannan, amma don me ya ce ita ta ba shi.

“To mi za ni ce mashi gaban jama'a?” ya ce. “Ke mace ta, kwana biyu an manta. Ni in sunana ya ɓaci cikin kasuwag ga, gida nawa za su kwana da yunwa? Har da uwarki.”

“Kawu, tun ranar da ka ba ni shagon da wanga nufi ka ba ni?”

Ya jefa goro a baki ya ɗan tauna. Ya ce shagon dai da ma a rufe yake, ba ya amfanar kowa.

Daga nan gidansa ta nufa, ɗakin mahaifiyarta. Inna Hasana na tsince shinkafa a faifai. Yelwa ta faɗa mata komai, tana jira ta ga tsohuwar ta ajiye faifan. Ba ta ajiye ba. Ta ce a yi haƙuri, a rufa asiri, zumunci ya fi wake. Da Yelwa ta matsa, sai ta ce ita ma ta sha ganinsa da safe a tsakar gida da tabarau, yana ɗaga baƙaƙen takardu saitin rana, kuma ranta ya ba ta ba alheri ba ne.

“Kin gani, Inna, ba ki hwaɗa mani ba?”

“Ina cin tuwonai, ɗiyata,” ta ce, ta ci gaba da tsintar shinkafa, hawaye na sauka a faifan.

Wannan ya fi maganar Kawu yi mata ciwo. Ta fita ba ta yi sallama ba.

Junaidu ya so a kai ƙara wurin sarkin kasuwa. Yelwa ta ce in aka yi haka Inna ce za ta rasa wurin zama, su kuma ɗaki biyu gare su. Abin da ta roƙe shi kawai ya raka ta Tozai. Ranar Juma'a da safe suka hau motar ƙauye, suka sami Alhaji Halliru a ƙofar gidansa. Ta ba shi wani kabon da ta buga 'yan layuka a kai don gwaji, ta ce ya ɗaga saitin rana. Bai iya karatun boko ba, amma ya ga layukan, Junaidu ya karanta masa. Ya daɗe yana juya takardar a hannunsa. Ya ce ya yarda ba ta sayar da shi ba, kuma zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi. Amma ya ce kada ta sa ran zai sake kawo mata maganarsa, don ko da saninta ko babu, hannunta ne ya miƙa. Ta ce gaskiya ne.

Ya cika alkawari, ya faɗa wa mutane. Sai dai zancen farko ya riga ya tsallaka har Konni, na biyun kuma a ƙafa yake tafiya. Da Kawu ya ji ta je Tozai, ya tara dangi ya ce yarinyar da ya ɗauka ya ba wuri kyauta ta kai shi gaban bare ta tozarta. Matan gidansa suka daina zuwa gidanta. Da aka yi sunan jikarsa ba a aiko mata ba.

Ranar Litinin ta kira mai kura ya ɗauki tafireta da sauran takardunta. Teburin na Kawu ne, ta bar shi. Ta aika a ba ta allon, tunda sunanta ne a kai, ya ce shi ya biya mai fenti. Kafin wata ya cika an shafe sunan, an zaunar da wani mutumin Gwadabawa da tasa tafiretar. Kawu ya riƙa jawo masa abokai da hannu.

Yelwa ta kafa nata a zauren gidansu, can bayan tasha, nesa da kasuwa. Ta ɗora tafiretar a kan akwatin aurenta. Makonni uku ba wanda ya leƙo. Daga baya Junaidu ya samo mata buga tambayoyin jarrabawa na makarantarsu, sai masu neman aiki, sai masu katin biki. Aikin yana kawo na cefane, amma manyan 'yan kasuwa ba su dawo ba, maganar tarho kuma ba ta sake tayar da ita ba. In za ta kasuwa takan zaga ta bayan masu tukwane don kada ta bi ta gaban shagunan.

Da babbar salla ta je gaida Inna, tunda ba yadda za ta yi. Kawu na zaure da baƙi. Ta durƙusa, ya amsa da fara'a, ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Ta ce da godiya. A ciki Inna ta dama mata fura, suka yi zancen zafi da tsadar gero, har ta tashi.

Bayan sallar da kwana kaɗan wata tsohuwa mai suna Tasalla ta zo daga Konni, tana so a rubuta wa ɗanta da ke aikin gini a Jos. Ta tsaya a bakin zaure tana ƙare wa Yelwa kallo, sannan ta tambaya ko ita ce wadda ake cewa tana sayar da asirin mutane.

“Ni ta,” in ji Yelwa. “Haka aka cewa.”

Tsohuwar ta ce ita dai ba ta da asirin da wani zai saya, so take a gaya wa yaron ƙafarta ta matsa mata, ya zo kafin kaka. Ta cire takalmi ta zauna a tabarma. Yelwa ta sa takarda a tafireta ta tambaye ta sunan yaron.