Cirar Malam Danda

Malam Danda ya durƙusa gaban farantan shukar ɗiyarsa yana girgiza kai. An watsa iri kamar ba a san zafinsa ba: alayyafo da wake sun fito cunkus, tsiro kan tsiro, ko allura ba ta samun wurin shiga.

Tun da mijin ɗiyar tasa Zeinabou ya rasu ta dawo garinsu Sarkin Hausa da 'ya'yanta, wannan ce sana'ar da ta koyo a wajen masu furoje, wato masu shirin tallafi. Wai ba a jiran shuka ta girma, tana kai tsawon ɗan yatsa sai a yanke a ci. Danda ya yi dariya har da hawaye ranar da ya ji. Yau ne mai wani otel a Maraɗi zai karɓi kayan farko, ya kuma ce idan ta saɓa, akwai wata a Tasawa tana jira. Da sassafe ta tafi Mayahi neman kwalaye.

Tausayinta ya kama shi. Yarinya ta sha wahalar ban ruwa, ga shi ba ta san cira ba, abin da kowane manomin hatsi ya sani tun yana goye. Bai taɓa sa mata hannu a aikin ba. Yau dai zai fid da ita kunya. Ya naɗe hannun riga ya shiga aiki, yana barin uku-uku masu ƙarfi, sauran yana jefa wa akuya. Akuya kuwa ba ta yi gardama ba.

Da hantsi Zeinabou ta shigo, Halilu mai kabu-kabu na biye da kwalaye. Ta tsaya cak.

"Baba, ina ganyen?"

"Na yi miki cira, ɗiyata. Dubi yadda sunka samu iska. Yanzu ne za su zama abinci."

Halilu ya dubi farantan, ya dubi akuya, ya ajiye kwalayen a hankali. "To ni mi zan kai Maraɗi?"

A nan ne Danda ya gane cewa abin da ya zubar shi ne amfanin gonar.

Zeinabou ta share ido da bakin zane, ta durƙusa kamar yadda ake yi wa wanda ya dawo daga gona.

"Sannu da aiki, Baba."